Gidan da Aka Daina Suya

Mijin Mai Ɗinki direban doguwar bas ne, irin wadda ke fita da sassafe ta dawo da la'asar sakaliya. A tashar kamfaninsu Babban Direba ake ce masa, ba don ya girmi kowa ba, sai don in ya zauna a mazauninsa tumbinsa ne ke fara gaisawa da sitiyari. Mutum ne mai fara'a, ga son abinci kamar me. Yakan ce abincin da bai yi ƙyalli ba na majinyata ne, shi kuwa lafiyarsa ƙalau. Ita ma tana jin daɗin hakan, don ba abin da ke faranta ran mai girki irin ta ga an suɗe kwano. Tana da wani baƙin kasko da ta shigo gidan da shi tun tana amarya, da wata tukunyar mai da ba ta taɓa bushewa. Yau a soya nama mai kitse a ciki, gobe dankali, jibi kifi, in ya ragu a ƙara sabo a kan tsoho, har man ya yi duhu kamar shayin da ya kwana. Shi ya fi so ma. "Wannan man ya san duniya," in ji shi.

Ran da abin ya faru, ya sauke fasinjojinsa da rana, ya zauna a benci a inuwar ofishin tasha, ya buɗe kular abincinsa. Abokan aikinsa sun ce loma kaɗan ya kai, ya ajiye cokali, ya dafe ƙirji, ya ce yau zafi ya yi yawa. Daga nan ya sulale ƙasa. Kafin ta iso asibiti, da guntun zare a maƙale a zaninta, an riga an ja masa mayafi har ka.

Likitan da ya fito gare ta matashi ne, idonsa ya yi ja don gajiya, ga wasu na jiransa. Ya ce mata, "Mama, sai haƙuri. Jijiyoyin zuciyarsa ne suka toshe. Kitse ya taru a cikinsu, kamar yadda bututun ruwa ke toshewa." Ya yi mata ta'aziyya ya wuce. Iyakar bayanin da ta samu ke nan.

Bayan masu gaisuwa sun ragu, wani abokin aikinsa ya kawo kayansa a leda: riga, makullai, tabarau, da kular. Sai da ta keɓe a kicin sannan ta buɗe. Abincin yana nan yadda ya bar shi, sai dai man ya daskare fari fat, cokalin kuma yana tsaye a tsakiya kamar an dasa shi. Ta taɓa da yatsa, ta ji tauri kamar kyandir. Ta daɗe tana kallo. Abin da ke cikin ƙirjinsa ke nan, ta ce a ranta, kuma hannun nan nawa ne ya zuba.

A yammacin ta ɗauki tukunyar man ta juye a kwata. Kaskon kuwa ta kai shi bola da kanta, ta tura shi can ƙarƙashin shara don kada wani ya tsinta ya kai wa iyalinsa.

Tun daga ranar aka daina suya a gidan. Da farko man ne kaɗai ta bari. Sai ta lura nama ko dafa shi aka yi, wani abu na yawo a saman romon kamar idanu, ta bar nama. Kifi ma haka. Ta fasa ƙwai ta murza gwaiduwar a yatsa ta ji santsi, ta bar ƙwai. Ta matse gyaɗa a takarda ta ga ta bar tabo, ta bar gyaɗa. Aka wayi gari abincinta bai wuce farar shinkafa, dafaffen dankali, taliya da gishiri, da kabeji a ruwa ba. In ta gama ci takan ɗaga kwanon ta kalle shi a haske, in ba ta ga ƙyalli ba sai hankalinta ya kwanta.

Maƙwabciyarta ta saman bene, wadda kowa ke ce wa Rediyo saboda bakinta ba ya mutuwa, ta sha saukowa da kwano a hannu.

"Yaya, wannan ai ba takaba ba ce, horo ne. Ɗan taɓa wannan, wallahi mai kaɗan na sa."

"Na ƙoshi, Allah ya saka."

"Ƙoshin me? Dubi wuyanki kamar mariƙin lema."

Mai Ɗinki sai ta yi murmushi ta ci gaba da taka kekenta. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani gudu yake yi, Rediyo ta san da haka, sai ta koma da kwanonta tana mita a matakala.

Jiki kuwa magayi. Da shekara ta zagayo, fatar hannunta ta bushe tana kama yadi in tana ɗinki. Gashinta na biyo mataji. Sanyi kaɗan sai ta ji shi har ƙashi. Ta ce tsufa ne da rashin miji. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne idonta. Da rana tana zura zare a allura ba ko kuskure, amma da zarar rana ta yi ja, falon sai ya cika da duhu tun kafin duhu ya zo. Kujeru su narke, bango ya ja baya. Ƙwan lantarkin ma sai ta ga kamar an lulluɓe shi da ƙyalle.

A irin wannan lokacin ne ta fara ganinsa.

Akwai ɗan siririn lungu tsakanin falo da kicin, inda yakan tsaya in ya dawo aiki, ya jingina da ƙofa yana shaƙar ƙamshi yana tambaya me aka yi. Wani yammaci ta ɗago kai daga keke ta ga mutum a wurin. Ba fuska, ba launi, amma faɗin kafaɗar nasa ne, da yadda yake karkatar da kai gefe guda. Ga kuma ƙamshin suya ya cika gidan, har tana jin ƙarar mai a kasko can ƙasa-ƙasa. Ƙafarta ta tsaya a kan keken. Ta yi addu'a, ta rufe ido, ta buɗe. Yana nan. Sai da ta lallaɓa ta kunna fitilar wayarta ta haska, ta ga labule kawai da tsintsiya a jingine.

Ta ce ƙamshin daga saman bene yake sauka, ta toshe tagar kicin da tsummoki. Ta cire labulen, ta ɗauke tsintsiyar. Washegari da yamma ya dawo. Ba ya magana, ba ya matsowa. Tsayawa kawai yake yi yana kallonta, ita kuma ta san abin da kallon ke nufi. Wani lokaci takan ce masa a hankali, "Na daina ai. Duba ka gani, babu ko ɗigo a gidan nan." Ba ta gaya wa kowa ba. Wa za ta gaya wa, a ce baƙin ciki ya taɓa mata kai?

'Yarsu ɗaya ce, shi ya sa tun tana ƙarama ake kiranta Tilo. Tana aure a wani gari, mijinta ma'aikacin jirgin ruwa ne, sai ya yi watanni bai taka ƙasa ba. Ana cikin haka wurin aikinta suka tura ta wani horo mai tsawo inda ba a zuwa da yara. Sai ta kawo wa mahaifiyarta 'yarta, yarinya mai shekara biyu da ɗoriya, mai kumatu kamar a taɓa jini ya fito, wadda marigayin ya laƙaba wa Kurciya tun tana cikin zani.

Tilo ta ga ramar uwarta, ta yi faɗa, ta yi kuka, ta cika firji da ƙwai da madara da bota da kifi.

"Umma, ke dai na gaji da yi miki magana. Amma ita yarinya ce, don Allah ki ba ta abin da ta saba."

"Ni na raine ki, ko kin manta?"

"Ban manta ba. Da ƙwai da madara kika raine ni."

"To, ki tafi hankali kwance."

Ta yi niyyar cika alkawari. Da safe ta ɗora madarar a wuta, tana tsaye ta ga wani farin abu ya taso ya kwanta a sama. Ta yaɗe shi da cokali, wani ya sake tasowa. Ta juya ta kalli Kurciya zaune a ƙasa tana wasa da murfin tukunya, ta kalli ɗan ƙirjin nan da bai fi tafin hannu ba, da jijiyoyin da ke ciki waɗanda ba su kai kaurin zarenta ba. In na babban mutum sun toshe, ina ga waɗannan? Ta sauke tukunyar. Kafin azahar duk abin da ke firjin ya koma gidan Rediyo, da sunan wai yarinyar ba ta so.

Kurciya ta yi kuka kwanakin farko, tana ture shinkafar tana kiran madara. Daga baya ta saba, ko kuma ta gaji. Tana ci, cikinta ya cika, ba a jima ba ta sake cewa yunwa. Kakar ta ƙara mata dankali. Kumatun suka fara sauka a hankali yadda mai gani kullum ba zai lura ba. Rigunan da uwarta ta kawo suka yi mata yawa, Mai Ɗinki ta rage su a keke, tana cewa tsawo take yi. Fatar ƙafafunta ta yi fari-fari tana ɓarewa, kakar ta ce sabulu ne, ta canja sabulu. Gashin ya yi ja, ya yi laushi. Yarinyar da ke zagaye falo kamar mazari ta koma zama a gindin keke tana tsotsar guntun yadi. In Tilo ta kira a waya, sai a ce mata tana barci, ko a nuna ta daga nesa cikin hula da rigar sanyi.

Shi kuwa bai fasa zuwa ba. Sai ma ta ga kamar ya matso, ya bar ƙofar kicin ya zo bakin falo, kuma kan nan da yake karkatarwa ba ita yake kallo ba yanzu. Ƙasa yake kallo, inda yarinyar take zaune da kwanonta. Mai Ɗinki ta ɗauka tsaronta yake yi, yana duba ko an sa mata abin da aka sa masa. Takan ɗaga kwanon ta nuna wa duhun. "Ka gani? Fari tas."

Wani yammaci Kurciya ta bi idon kakarta zuwa lungun, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kaka, mutumin ya zo?"

Mai Ɗinki ta juyo gare ta da sauri. "Wane mutum? Kin gan shi?"

Yarinyar ta kau da kai. Ta mayar da yadin bakinta.

Abin ya fashe ne wata ranar da Mai Ɗinki ke gwada wa wata mata riga, ƙofar gida a buɗe. Da ta juyo ba Kurciya. Ta duba ɗaki, ta duba bayan gida, ta fita titi ba mayafi tana kira. Sai ta ji muryar Rediyo daga sama: "Yaya, hau ki gani."

Yarinyar ta rarrafa matakalar nan duka ita kaɗai, ta shiga kicin ɗin Rediyo. Tana zaune a ƙasa, ta jawo kaskon da aka gama soya ƙwai a ciki aka ajiye don wanki, ta sa hannu biyu tana dangwalar man da ya rage tana lasa. Fuskarta duk ta yi ƙyalli har goshi. Ba ta ko ɗago ba.

Mai Ɗinki ba ta san sanda ta yi kanta ba. Ta fizge kaskon ta yi jifa da shi, ta damƙe haɓar yarinyar, ta tura gefen zaninta cikin bakinta tana goge harshen da ƙarfi. "Tofar! Tofar da shi! Kashe ki zai yi!" Kurciya na shure-shure, kukan ma ya ƙi fita. Sai da Rediyo ta ɓamɓare hannunta da ƙyar ta ɗauke yarinyar. Da ta ɗaga ta sai ta tsaya cak, don ta ji ta kamar ta ɗauki tsumma. Ta ɗage rigar ta ga haƙarƙari a jere.

Rediyo ta sauke rigar. Ta miƙa mata jikarta, ta shiga ɗaki ta ɗauki waya.

Washegari kafin azahar Tilo ta iso. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ɗauki 'yarta, ta kalle ta, ta kalli uwarta, ta ce, "Umma, ɗauko mayafinki." Suka nufi asibiti.

Likitar yaran babbar mace ce mai furfura a gaban goshi. Ta ɗora Kurciya a ma'auni, ta duba fatar, ta buɗe idon, ta tambayi abin da take ci. Tilo ta juya ga uwarta. Mai Ɗinki ta lissafa, tana yi tana jin yadda jerin ya yi gajarta a bakinta.

"Mai fa? Ƙwai, madara, kifi?"

"Ba na sa mata guba."

Likitar ta ajiye alƙalaminta, ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. "Mama, wa ya rasu?"

Mai Ɗinki ba ta zaci tambayar ba. Sai ta ji bakinta ya buɗe, ta ba da labarin tashar, da matashin likitan, da cokalin da ke tsaye a kula. Ta ƙare da cewa, "Ɗan'uwanki likita ne ya ce mai ya kashe shi. Yanzu ke za ki ce rashin mai zai kashe wannan. To wanne zan kama? Ku likitoci ku fara shiryawa a tsakaninku."

"Duka biyun gaskiya ne, Mama, sai dai rabi aka ba ki kika tafi da shi." Likitar ta ɗago hannun Kurciya ta nuna mata fatar. "Mai ba iri ɗaya ba ne. Akwai kitsen da ke daskarewa in ya huce, irin wanda kika gani, da man da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi. Waɗannan in suka yi yawa shekara da shekaru suna cutar da jijiya. Amma akwai na kifi, na gyaɗa, na zaitun, waɗanda jiki ba ya iya yi sai da su. Yarinya kamar wannan cikinta ɗan ƙarami ne, shinkafa na cika shi ba ta ba ta ƙarfin da take buƙata ba. Ƙwaƙwalwarta ma da mai ake gina ta, kuma yanzu ne ake ginin. Sannan akwai bitamin da ba sa shiga jiki sai sun samu mai ya ɗauke su. Ko kin dafa mata karas buhu guda, in babu ɗigon mai, yawancinsa wucewa zai yi."

Mai Ɗinki ta kalli hannun jikarta. Can ta ce, "Amma shi, ni na ba shi."

"Yana shan taba?"

"Yana sha," in ji Tilo. "A ɓoye wai, kowa ya sani."

"Hawan jini?"

"An ba shi magani, ya ce yana sa shi fitsari a hanya, ya ajiye."

"Mahaifinsa fa, me ya yi ajalinsa?"

Mai Ɗinki ta tuna surukinta, siririn mutum kamar sanda, wanda ya faɗi a gonarsa bai kai shekarun ɗansa ba. Ba ta taɓa haɗa su ba.

"Ba zan ce miki abincin bai taimaka ba," in ji likitar, "don ba na son in yi miki ƙarya. Amma mutumin da ke wuni a zaune, ga taba, ga hawan jini, ga gado, kasko ɗaya bai isa ya ɗauki alhakinsa shi kaɗai ba." Ta tsaya tana kallon fuskar tsohuwar, da busassun idanunta. "Ke ma ɗago in gani. In rana ta faɗi kina gani sosai?"

Mai Ɗinki ta ce, "Duhu-duhu nake gani."

"Dundumi ne. Abin da ya kama jikarki shi ya kama ki, ke ya fara ta ido. A irin wannan duhun, ido kan ƙirƙiro abin da babu."

Mai Ɗinki ta sunkuyar da kai. Likitar ba ta ƙara tambaya ba. Ta sa aka kawo wata 'yar ƙwaya mai laushi, ruwan ɗorawa, wadda in ka kalle ta a haske za ka ga mai ne a ciki. Mai Ɗinki ta riƙe ta a tafin hannu. Sai da Tilo ta ce, "Umma," da wata murya da ba ta taɓa jin ta da ita ba, sannan ta haɗiye.

An kwantar da Kurciya na 'yan kwanaki. Da aka sallame ta, Tilo ta bar horon, ta tattara kayan 'yarta. Ta ce uwarta ta biyo su. Mai Ɗinki ta ce tana da ɗinkin mutane. Tilo ba ta matsa ba. A bakin ƙofa ta ce, "Na san ba mugunta ba ce, Umma. Amma ba zan iya kallonki ba tukuna." Ta bar kwalbar man zaitun a kan tebur, ta roƙi Rediyo ta sa ido.

Gudun gara ta yi ta faɗa gidan zago, ta san da haka yanzu, kuma sanin bai rage komai ba. Rediyo na saukowa da kifi da ƙwai, ta zauna ta tsare ta har sai ta ci. Loma ta farko ta tsaya mata a wuya kamar dutse. Ta biyu ta wuce. Jikinta ya karɓa da wata irin zalama da ta ba ta kunya.

Ba a yi mako ba idon ya fara washewa. Wani yammaci ta zauna a gaban keke tana jira, rana ta yi ja, ta faɗi, falon bai narke ba. Ga kujeru a wurarensu. Ga lungun, tana ganinsa har ƙarshe: tsagar da ke bango, ƙusar da ake rataye tsintsiya, tabon hannunsa a jikin ƙofa inda ya saba dafawa. Babu kowa a ciki.

Ta zaci za ta ji sauƙi. Sai ta ji gidan ya yi mata faɗi fiye da ranar da aka fita da shi. Ashe duk tsoron nan da take ji, zuwansa ne ke raba mata wuni biyu. Ta kashe fitila ta zauna a duhu, ba kowa. Ta mayar da labulen da tsintsiyar inda suke a da, suka tsaya a labule da tsintsiya. Har ta koma farar shinkafa na wasu kwanaki, tana ɓoye abincin Rediyo a firji, ko idon zai sake dushewa. Bai dushe ba. Kuma a zaman nan ne ta yi ta juya kallon da yake yi wa kwanon yarinyar. Wataƙila ba tsaro ba ne. Mutumin da bai taɓa iya ganin yaro da busasshen abinci ba, me zai ce da ya ga jikarsa da dafaffen dankali? Ko kuma ba shi ba ne, ita ce ta san gaskiya a wani lungu na zuciyarta ta ƙi saurare. Ba wanda za ta tambaya.

Daga ƙarshe ta kira Tilo. Suka gaisa a taƙaice, ta tambayi jikin yarinya, aka ce da sauƙi, har ta fara gudu. Sai ta ce, "Kina ganin babanki?"

Tilo ta ce, "A mafarki, wani lokaci."

"Yaya yake?"

"Yadda kika san shi. Yana dariya, yana neman ƙari." Muryarta ta karye. "Umma, ki zo mana. Ki bar gidan nan haka."

Ta ƙarasa ɗinkin da ke hannunta, ta bar wa Rediyo makulli, ta tafi.

Gidan Tilo ɗan ƙarami ne, a hawa na sama, da taga mai kallon titi. Da ta shiga, Kurciya na tsakiyar falo a tsaye. Kumatun sun fara dawowa, sabon gashi baƙi ya tsiro a ƙarƙashin jan. A hannunta akwai yankan burodi da aka shafa wa niƙaƙƙiyar gyaɗa, har ya ɓata mata haɓa. Mai Ɗinki ta durƙusa ta buɗe hannu.

"Kurciyata, zo ki gaida Kaka."

Yarinyar ta kalle ta. Ta kalli burodin. Sai ta ɓoye shi a bayanta, ta sa ɗaya hannun ta toshe bakinta gam, ta ja da baya har ta jingina da ƙafar uwarta.

"Haba, Kaka ce fa," in ji Tilo. "Je ki mana."

"Bar ta," in ji Mai Ɗinki.

Ta janye hannunta, ta matsa can nesa kusa da ƙofa, ta zauna a ƙasa ba ta ko cire mayafi ba. Ta ɗora tafukanta a kan gwiwa inda yarinyar za ta gan su. Kurciya ta daɗe tana leƙenta. Sannan ta zagaya bayan kujera, ta juya fuska ga bango, ta ci gaba da cin burodinta da sauri-sauri, tana waiwaye.

Tilo ta yunƙura za ta jawo ta.

"Na ce ki bar ta," in ji tsohuwar a hankali. "Ta ci a inda take so. In ta cinye ki ƙara mata."